Tambaya da Amsa: Wanda Bai Sami Rabin Ƙuri'u Ba, Ya Ci Zaɓe?

Wasiƙun wannan wata kusan duk wuri ɗaya suka nufa, wato maganar ko ya kamata a gyara doka ta yadda ba wanda zai hau kujerar mulki sai ya sami fiye da rabin ƙuri'un da aka kaɗa. Na tsinci shida daga ciki, na rage wa wasu tsawo. Masu tambaya kan fansho da rikicin fili su yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

Daga wani malamin firamare a Funtuwa: Assalamu alaikum Malam. Gardama ce ta kaure a majalisarmu ta bayan la'asar. Wani abokinmu ya ce a zaɓen 2023 mutum biyu cikin uku na waɗanda suka yi zaɓe ba Tinubu suka zaɓa ba, amma aka ba shi. Ni kuwa abin da nake koya wa yara shi ne dimokuraɗiyya mulkin masu rinjaye ce. Shin abokin nan gaskiya ya faɗa? In gaskiya ne, ina rinjayen yake?

Wa'alaikumus salam, Malam. Abokinka bai yi nisa da gaskiya ba. Ga abin da hukumar INEC ta bayyana: Bola Tinubu ƙuri'a 8,794,726, Atiku Abubakar 6,984,520, Peter Obi 6,101,533, Rabi'u Kwankwaso 1,496,687. Ƙuri'un da aka amince da su duka-duka miliyan 24 ne da 'yan kai. Ka ga Tinubu ya tashi da kashi 36 da ɗoriya cikin ɗari, ragowar kashi 63 da wani abu sun tafi wajen wasu. In kuma ka auna da masu rajista, mutum miliyan 93, to waɗanda suka dangwala masa ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Sai dai ka faɗa wa abokin naka cewa ba a karya doka a nan ba, don haka dokar take. Sashe na 134 na tsarin mulkin 1999 abu biyu ya nema wajen ɗan takara idan masu takara sun wuce biyu. Na farko ya fi kowa yawan ƙuri'u, ko da ƙuri'a ɗaya ce. Na biyu ya sami aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi, wato jihohi 24, da Abuja. Ba inda aka ce sai ya haye rabi. Maganar Abuja ita ce aka yi ta ja-in-ja a kanta, tun da Tinubu bai kai kashi 25 a can ba, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Oktoba na 2023 cewa Abuja kamar jiha ake lissafa ta, ba wani sharaɗi ba ce mai zaman kansa. Gwamnoni ma haka sashe na 179 ya tsara musu, sai dai su da ƙananan hukumomi ake yi musu lissafin.

Waɗanda suka rubuta wannan ƙa'ida a ƙarshen shekarun 1970 ba rabin ƙuri'u ne damuwarsu ba. Mutane ne da suka ga Jamhuriya ta Farko da idonsu, lokacin da kowace babbar jam'iyya take da yankinta, NPC a Arewa, AG a Yamma, NCNC a Gabas, suka kuma ga yaƙin basasa. Abin da suke gudu shi ne mutum ya tara ƙuri'un yankinsa kaɗai ya zama shugaban kowa. Shi ya sa suka ce sai hannunka ya kai ko'ina. A wannan ɓangare ban ga laifinsu ba, har yau ina ganin hikima ce.

Gwajin farko ma da rigima ya zo. A 1979 Alhaji Shehu Shagari ya sami kashi 33 da ɗoriya, ƙasa da na Tinubu ke nan, Awolowo na biye da shi da kashi 29. Jihohi 19 ne a lokacin. Shagari ya sami kashi ɗaya cikin huɗu a jihohi 12, a ta goma sha uku kuwa, wato Kano, inda Malam Aminu Kano da PRP suka kwashe, ya tsaya a kashi 19.94. To kashi biyu cikin uku na 19 nawa ne? Awolowo ya ce 13 ne, don ba a gutsurar jiha. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce 12 ne da biyu bisa uku, saboda haka a ɗauki biyu bisa uku na ƙuri'un Kano a yi lissafi da su. Kotun Ƙoli ta yarda da shi, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa wa 'yan'uwansa, aka rantsar da Shagari ranar 1 ga Oktoba. Mu da muka ga lokacin mun san yara 'yan makaranta ma sai da suka iya lissafin gutsure saboda wannan shari'a.

Abin da ya sa mutane suka manta da maganar shi ne daga 1999 zuwa 2019 duk wanda ya ci ya haye rabi: Obasanjo sau biyu, 'Yar'aduwa, Jonathan, Buhari sau biyu. Takarar ta manyan mutum biyu ce. Da aka zo 2023 'yan adawa suka rabu uku, sai ramin da ke cikin dokar ya sake bayyana. Don haka yaran da kake koyarwa, ka gaya musu cewa a Najeriya wanda ya fi sauran ne ke ci, ba lallai wanda mafi yawan jama'a suka zaɓa ba.

Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi: Malam, ina gaisuwa. Na ji 'yan'uwanmu na Najeriya suna sha'awar zagaye na biyu. Mu nan Nijar tun 1993 muka fara yin sa. Ko a kokawar takobi ba a ba mutum takobi sai ya kada wanda suka rage tare, wannan na yarda. Amma ka duba, duk da zagaye biyun soja sun karɓe mulki ba sau ɗaya ba. To me ya tsinana mana?

Alhaji, ina amsawa. Misalinka na kokawa ya isar, ba sai na ƙara ba. Amma bari mu bi tarihin naku daki-daki, don a nan darasin yake, mai daɗi da marar daɗi.

A 1993 Tanja Mamadu na MNSD-Nasara shi ya zo na ɗaya a zagayen farko da kashi 34. Mahamman Usman na CDS-Rahama yana bayansa da kashi 26 da ɗoriya. Da dokar Najeriya ake bi, wataƙila magana ta ƙare a nan. Amma sai jam'iyyun da ke neman canji, har da PNDS-Tarayya ta Mahamadu Isufu da ANDP-Zaman Lahiya ta Mumuni Adamu Jarmakwai, suka haɗa kai suka ɗaga hannun Usman, ya ci zagaye na biyu da kashi 54. Jam'iyyar da ta gaji mulkin soja, wato MNSD, ta sauka ta hanyar akwati. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Marar daɗin shi ne ƙawancen bai yi ƙarko ba. Ba ƙaunar Usman ce ta tara su ba, ƙin MNSD ne. A 1994 Isufu ya ajiye muƙamin firaminista ya koma wajen waɗanda suka kayar, aka sake zaɓen majalisa a 1995, Hama Amadu ya zama firaminista, shi da shugaban ƙasa ba sa ga maciji, aiki ya tsaya cak, sai Ba'are Mainasara ya kifar da su a watan Janairu na 1996. Kashi 54 ɗin nan rabinsa aro ne, masu shi kuma sun zo sun karɓi abinsu.

A 2011 Hama Amadu ne ya mara wa Isufu baya ya kayar da Saini Umaru da kashi 58, bayan shekara biyu suka ɓata. A 2016 Hama ya yi takara yana tsare a gidan kason Filinge, aka fitar da shi Faransa jinya dab da zagaye na biyu, 'yan adawa suka ƙaurace, Isufu ya tashi da kashi 92. Wannan zagaye na biyu ne a takarda kawai. A 2021 Bazum ya haye da kashi 55 da ɗoriya a kan Mahamman Usman, a watan Yuli na 2023 masu gadinsa suka tsare shi.

To me ya tsinana muku? Bai hana juyin mulki ba, ba kuma aikinsa ba ne. Dokar zaɓe ba ta riƙe bakin bindiga. Abin da ya yi muku shi ne ya ba ƙananan jam'iyyu daraja. Lokacin da ake zaɓe a Nijar, mutumin da ke da kashi 8 ko 10 ana zuwa har gida a same shi, a yi ciniki da shi a fili, magoya bayansa su ji abin da aka ƙulla, sannan su je rumfa su amince ko su ƙi. A Najeriya mai kashi 6 irin Kwankwaso, da zarar an bayyana sakamako ƙuri'unsa miliyan ɗaya da rabi ba su sake auna komai ba a lissafin kujerar shugaban ƙasa. In mutum yana so ya shiga lissafi, dole tun kafin zaɓe ya narkar da jam'iyyarsa cikin wata, kamar yadda ACN da CPC da ANPP suka yi maja a 2013 suka haifi APC. Cinikin nan dai ana yin sa ko ta wace doka. Bambancin kawai, a wajenku bayan an auna nauyin kowa ake yi, a wajenmu kuwa a ɗakin otal ake yi, kowa na cika baki da jama'ar da ba a ƙirga ba.

Daga wani matashi a Kano: Baba, mu dai mun ga inkwankulusib a 2019, ba ma fatan sake gani. In an ce sai an yi zagaye na biyu, ba shi ke nan aka mayar mana doka ba?

Yaro, ba ɗaya ba ne, amma tsoronka yana da tushe. Abin da ya faru a Kano shi ne an soke ƙuri'un wasu rumfuna, yawan masu rajista a wuraren ya fi tazarar da ke tsakanin Abba Kabir Yusuf da Abdullahi Ganduje, wadda take dubu 26 da ɗoriya a lokacin, sai aka ce a je a ƙarasa a waɗannan wurare kaɗai. Da aka ƙarasa Ganduje ya wuce da ƙuri'a kusan dubu tara. Illar irin wannan ita ce kowa ya san tazarar, kowa ya san rumfunan, sai ƙarfin jiha gaba ɗaya, kuɗi da 'yan jagaliya da manyan mutane, su sauka a kan 'yan mazaɓu kaɗan. Sunan mazaɓar Gama, ɗaya daga cikin wuraren da aka ƙarasa zaɓen, ba don komai ya shiga bakin mutane ba.

Zagaye na biyu kuwa ƙasa duka ko jiha duka ake komawa rumfa, daga farko ake ƙirga, 'yan takara biyu kacal. Ba wanda yake da jama'ar da zai mamaye rumfuna sama da dubu 176 a rana ɗaya. Kuma ka sani yanzu ma yana cikin tsarin mulkinmu, ba a dai taɓa kai wa gare shi a zaɓen shugaban ƙasa ba. In ba wanda ya cika sharaɗin jihohi 24, ana komawa cikin kwana 21. Wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, abokin karawar ba lallai ne wanda ya zo na biyu a yawan ƙuri'u ba. Doka ta ce wanda ya fi lashe jihohi cikin waɗanda suka rage. A kan zaɓen 2023 INEC ta ce za ta buga takardun ƙuri'a na zagaye na biyu tun kafin na farko, don kwana 21 ba za su isa a buga ba. Kuɗin takardun nan an riga an kashe su ke nan, ko an yi ko ba a yi ba.

Inda nake tare da kai shi ne kwanakin da ke tsakanin zagayen biyu. Kwanaki ne masu hatsari, don mai riƙe da mulki ya ga inda aka ƙi shi, ƙauye-ƙauye. A Zimbabuwe a 2008 Morgan Tsvangirai ya zo gaba da kashi 47 da ɗoriya, Mugabe na da 43. Kafin ranar zagaye na biyu aka bi magoya bayan Tsvangirai da duka da kisa har ya janye. A Angola a 1992 ba a ma yi zagayen ba, Jonas Savimbi ya koma daji, yaƙi ya ci gaba. A Kodebuwa a 2010 an yi, Laurent Gbagbo ya ƙi yarda da kaye, mutum kusan dubu uku suka mutu. Duk wanda ya ce maka zagaye na biyu maganin rikici ne, bai karanta waɗannan ba.

Akwai kuma abin da ya fi damuna game da Najeriya, wanda masu goyon bayan gyaran ba sa son a taɓo. In mutum biyu suka rage, ɗaya ɗan Arewa ɗaya ɗan Kudu, ko ɗaya Musulmi ɗaya Kirista, makonni ukun nan a kan mumbari da bagade za a yi kamfe. Saboda haka ni ba na goyon bayan a cire sharaɗin jihohi 24 a sa na rabin ƙuri'u a madadinsa. A haɗa su biyun. Kenya haka ta yi a tsarin mulkinta na 2010, bayan jinin da aka zubar a zaɓen 2007: sai ka haye rabi, kuma sai ka sami kashi 25 a fiye da rabin gundumomi 47. William Ruto da kashi 50.49 ya tsallake a 2022. Da ƙyar, amma ya tsallake.

Daga wata uwa a zangon Kumasi: Malam, ka ba su labarin Tain. Mu nan mun ga amfaninsa.

Hajiya, kin tuna min, na gode. A watan Disamba na 2008 Nana Akufo-Addo na jam'iyya mai mulki ya sami kashi 49 da ɗoriya a zagayen farko, John Atta Mills na da kusan 48. Saura ƙiris, amma dokar Ghana ta ce sai an haye rabi. Aka koma ranar 28 ga Disamba, aka yi kankankan, har sai da aka jira mazaɓa ɗaya tak, Tain, wadda ba a samu yin zaɓe a cikinta ba, ta yi nata ranar 2 ga Janairu. Mills ya ci da tazarar ƙuri'a kusan dubu 40 a ƙasa baki ɗaya. Shugaba mai barin gado John Kufuor ya miƙa mulki ga jam'iyyar adawa, shi ma dama ta zagaye na biyu ya hau a 2000.

Sai dai Hajiya, ki yarda da ni, dokar ba ita kaɗai ta yi aikin ba. Shugaban hukumar zaɓe, Kwadwo Afari-Gyan, mutum ne da ɓangarorin biyu suka san ba ya lanƙwasuwa, Akufo-Addo kuma ya karɓi kaye ya jira har 2016. Senegal ma sau biyu zagaye na biyu ya sauke shugaba mai ci da ya zo na ɗaya a zagayen farko, Abdu Diouf a 2000, Abdullahi Wade a 2012, kuma dukansu sun taya wanda ya kayar da su murna.

Daga wani dattijo a Garwa: Salamu alaikum. Mu a Kamaru zagaye ɗaya muke yi. Yaranmu suna cewa da akwai na biyu da tuni an sami canji. Ni na ce mai mulki in ya ga dama ko zagaye goma ne zai ci. Wa ya fi gaskiya?

Wa'alaikumus salam, Baffa. Kowannenku ya riƙe wani gefe, amma yaran suna da hujjar da ba za ka ture ba. A 1992 sakamakon da gwamnati da kanta ta bayyana ya ba Paul Biya kusan kashi 40, John Fru Ndi kusan 36, Bello Buba Maigari na wajenku kashi 19. Ka haɗa na biyun nan ka gani. Da akwai zagaye na biyu, da Maigari ne zai raba gardama a shekarar.

Kuma in dokar ba ta da wani tasiri, me ya sa masu mulki ke tsoron ta? A Kwango ta Kinshasa an yi zagaye biyu a 2006. Da zaɓen 2011 ya matso, Joseph Kabila ya sa majalisa ta gyara tsarin mulki aka mayar da shi zagaye ɗaya, ya ci da kashi 49. A Malawi kuwa akasin haka aka yi. Peter Mutharika ya ci zaɓen 2019 da kashi 38 da ɗoriya, kotu ta soke zaɓen a watan Fabrairu na 2020 saboda goge-gogen da aka yi wa takardun sakamako, ta kuma ce rinjayen da tsarin mulki ke nufi shi ne fiye da rabi. Nan da nan Lazarus Chakwera da Saulos Chilima, waɗanda suka raba ƙuri'un adawa a baya, suka haɗe, Chakwera ya ci da kashi 58 ba tare da an je zagaye na biyu ba.

Amma don kada yaranka su yi maka dariya da yawa, ga wanda za ka ba su. A Gambiya a 2016 zagaye ɗaya ne, Adama Barrow ya kayar da Yahya Jammeh da kashi 43, Jammeh na da kusan 40. Da dokar rabi ake bi, da Jammeh ya sami makonni yana riƙe da soja da 'yan sanda kafin a koma. Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya. Dokar da ta tsare Biya ita ta kori Jammeh, don 'yan adawar Gambiya sun tsayar da mutum ɗaya a babban ƙawancensu, naku kuwa kowa ya ce shi ne.

Daga wata ɗaliba mai karanta shari'a a Zariya: Malam, tambayata biyu ce. 'Yan majalisa fa, su ma a sa musu? Na kuma karanta cewa akwai ƙasashen da mai zaɓe ke jera 'yan takara, na ɗaya, na biyu, na uku, a gama a rana ɗaya. Me zai hana mu yi haka mu huta da kashe kuɗi? Sannan wa zai gyara dokar?

'Yata, tambayoyin uku ne, amma ba komai.

'Yan majalisa ban ga dalili ba. Kujeru 360 na wakilai, 109 na dattawa, ga na jihohi kusan dubu, in aka ce duk inda ba a haye rabi ba a koma, to za mu shekara muna zaɓe. Faransa tana yi, amma Faransa ba ta kai akwati ta kwalekwale da jaki. Gaskiya ne tsarin da muka gada daga Ingila yana haifar da abin mamaki, su kansu a 2024 jam'iyyar Labour da kashi 34 na ƙuri'u ta kwashe sama da kujeru 400 cikin 650. Amma maganin wannan daban ne, shi ne raba kujeru gwargwadon ƙuri'un jam'iyya, irin wanda Nijar ta yi wa majalisarta. Wannan sai mu ware masa wata guda. Shugaban ƙasa da gwamna su ne kujera ɗaya tilo, mai riƙe da baitulmali da naɗe-naɗe, su ne ya kamata a tsaurara wa.

Jera 'yan takara kuwa tsari ne mai kyau a inda ya zauna. Ostireliya tun 1918 take yin sa. In ba wanda ya haye rabi, sai a cire na ƙarshe, a duba wa masu zaɓensa suka sa na biyu, a miƙa masa, har wani ya haye. Siri Lanka ma a 2024 sai da ta ƙirga zaɓi na biyu kafin ta bayyana shugaba. Amma ki tuna da kakarki a rumfa. Alamar jam'iyya take nema ta dangwala, tsintsiya ko lema ko kayan marmari. A haka ma ƙuri'a sama da dubu 900 suka lalace a 2023. In an ce ta rubuta 1, 2, 3, wa zai riƙe mata alƙalami? Ejan ɗin jam'iyya. Babbar matsalar ma ba ita ba ce. Yanzu ana ƙirga ƙuri'a a rumfa, a gaban kowa, a liƙa sakamako a bango, ki ɗauka a waya. Tsarin jerawa ba ya ƙarewa a rumfa, sai an tattara komai a wuri ɗaya an yi ta cirewa da miƙawa. A ƙasar da rigimarta duk a wajen tattara sakamako take, ban shirya miƙa wa wannan ɗaki ƙarin aiki ba.

Maganar kuɗi, Naira biliyan 305 aka ware wa INEC don zaɓen 2023. Zagaye na biyu ba zai ci kwatankwacin haka ba, tun da rajista da na'urori da horar da ma'aikata an riga an yi, amma zai ci da yawa, alawus da sufuri da tsaro. Ni dai na fi son a kashe su a rumfa da a kashe watanni takwas ana jiran alƙalai bakwai su faɗi wanda ya ci.

Wa zai gyara? A nan ne za ki ji ba daɗi. Gyaran dokar zaɓe ba zai wadatar ba, sai an taɓa sashe na 134 da na 179 na tsarin mulki. Sashe na 9 ya ce sai kashi biyu cikin uku na majalisar dattawa da na wakilai sun amince, sannan majalisun jihohi 24 su ma su amince, kafin a kai wa shugaban ƙasa. Majalisun jihohi kin san a hannun wa suke. Gwamnan da ya san 'yan adawar jiharsa sun rabu biyu, kuma rabuwar nan ce ke riƙe da shi, ba zai bar kakakin majalisarsa ya kawo wannan magana zaure ba. Jam'iyya mai mulki a tarayya ma haka, ko wacce ce. Waɗanda ke kuka da dokar yau, in suka hau da ita gobe za su yi shiru.

Hanyar da nake ganin tana da ɗan haske ita ce a raba maganar gida biyu, a fara da kujerar shugaban ƙasa kaɗai don gwamnoni su saki jiki, a kuma rubuta cewa gyaran ba zai fara aiki ba sai bayan zaɓe biyu masu zuwa, lokacin da ba wanda ya san ko shi zai amfana ko abokin gabarsa. Kwamitin gyaran tsarin mulki na majalisa yana fita jin ra'ayin jama'a shiyya-shiyya, yana karɓar takardu daga ƙungiyoyi. Ku ɗaliban shari'a kuna da ƙungiya, kuna da malamai. Ku rubuta sashen yadda kuke so ya koma, kalma da kalma, har da wanda zai shiga zagaye na biyu da kwanakin da za a bayar, ku kai. In kun rubuta ki aiko min, zan buga shi a wannan fili.